Kafin ka ce ka gano sirrin nauyi

Ƙannena masu sha'awar kimiyya, ga tunanin da ya cinye mini ƙuruciya: wai ƙasa ba ta jan komai, tura mu ake yi zuwa gare ta. Na ƙaddara sararin samaniya cike yake da wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, suna kwararowa ta kowace fuska. Ƙasa ta tare na ƙarƙashinmu, na sama su danna mu, shi ke nan nauyi. Na cika takardu da zane-zane, babu lissafi ko layi ɗaya.

Ashe an riga ni tun da daɗewa. Wani masani, Nicolas Fatio, ya kawo wannan ra'ayi a 1690, wani kuma, Le Sage, ya sake gina shi a 1748, kuma manyan masana sun zauna sun auna shi da gaske. Abu biyu suka kayar da shi. Duniya tafiya take tana kewaya rana, don haka ƙwayoyin gabanta za su fi dukanta, kamar yadda ruwan sama ke fi bugun fuskar mai gudu. Da tuni gudunta ya ragu ta faɗa rana. Na biyu, sai ƙasa ta shanye wasu ƙwayoyin kafin turin ya samu, kuma masanin fiziks Maxwell ya nuna a 1875 cewa zafin hakan zai mai da ita garwashi nan take.

Abin da har yau ke yi mini ciwo shi ne ranar da wani malamin fiziks ya tambaye ni, «Wane adadi tunaninka ya bayar a kan duniyar Makyuri?» Na ɗauka raini ne, na ɗauke ƙafa daga wurinsa. Alhali tambayar girmamawa ce, ita aka yi wa lissafin Newton kansa. Tun 1859 masanin taurari Le Verrier ya lura falakin Makyuri, wato hanyar da take bi ta kewaya rana, yana gocewa kaɗan daga lissafin Newton, abin da aka ƙiyasta daga baya da daƙiƙar kusurwa 43 (kowace ɗaya kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri) a shekara ɗari. A Nuwamba 1915 lissafin Einstein ya fitar da wannan adadi, bayan ya sha wahalar koyon lissafin Riemann, na lanƙwasar sarari, da taimakon abokinsa Marcel Grossmann. Shi ma masanin fiziks Pauli da ya ƙaddara akwai wata ƙaramar ƙwaya mai suna niyutirino a 1930, ba a tabbatar da ita ba sai 1956 da Cowan da Reines suka kama ta a gwaji.

Kada ku bar tunani, don Allah. Amma ku koyi kalkulas, ku rubuta awon da zai ƙaryata ra'ayinku, ku kai wa mai iya kushe shi. Ku fara da wannan aiki, ɗan sakandare ma zai iya: gudun abin da ke faɗowa a doron ƙasa yana ƙaruwa da mita 9.8 kowace daƙiƙa, nisan wata kuma ya ninka nisanmu daga tsakiyar ƙasa kusan sau 60. Ku nemo nisanmu daga tsakiyar ƙasa, ku bi dokar Newton ta nauyi ku lissafa kwanakin da wata zai yi kafin ya kewaye mu. Za ku samu kusan 27.