Ƙwannafi ya lafa, tumbi na ci gaba da tsatsa: abin da H. pylori ke yi a ɓoye

Mai fama da zafi a ƙahon zuciya, da kumburin ciki bayan cin abinci, da yawan gyatsa, da saurin ƙoshi, yakan yanke wa kansa hukunci cewa olsa ce. Sai ya sha omefrazol, maganin rage asid ɗin ciki, ko ruwan maganin ƙwannafi, ciki ya lafa, ya ɗauka an wuce wurin. Likitoci na tara waɗannan alamu a ƙarƙashin rashin narkewar abinci, kuma mafi yawan masu su, in an leƙa cikinsu da na'ura, ba a samun gyambo. Abin da ake yawan tararwa shi ne bangon tumbi a kumbure, kuma babbar mai jawo hakan ita ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori (H. pylori a taƙaice), wadda kusan rabin mutanen duniya ke ɗauke da ita, galibi tun suna yara.

A 1982 ne wasu likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka iya rainonta a ɗakin gwaji a birnin Perth na Ostireliya, lokacin da ake ganin babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don ya tabbatar tana kumbura tumbi, kuma an ba su lambar Nobel a 2005.

Dabarar ƙwayar mai sauƙi ce. Tana da siffar murɗaɗɗen zare, da 'yan wutsiyoyi da take iyo da su, ta nutsa cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi inda asid bai da ƙarfi. Tana kuma fitar da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke fasa yuriya, wani sinadarin da jiki ke samarwa, ya mai da ita amoniya da iskar kabon. Amoniyar ita ke kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Ku riƙe wannan amoniya a zuciya, za mu sake haɗuwa da ita.

Ɓarnar da ta fi muni daga martanin jiki take fitowa. Da zarar ƙwayar ta manne wa bangon tumbi, sai fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. Makaminsu shi ne wasu sinadarai masu zafin gaske da suke haɗawa daga iskar oksijin: sufa'oksaid, da haidirojin feroksaid, da asid ɗin haifokiloros, wanda ɗan'uwan bilicin wanki ne. Aikinsu daidai yake da abin da iska da danshi ke yi wa ƙarfe, wato tsatsa. A ƙa'ida wannan wuta ta 'yan kwanaki ce: a ƙone maharin, a kashe wutar. Jiki na da masu kashe ta, irin su gulutatayon da bitamin C da wasu sinadarai da ke mai da feroksaid ruwa. Idan masu kunnawa suka rinjayi masu kashewa na tsawon lokaci, shi ne abin da za mu kira tsatsar ƙwayoyin jiki.

To, H. pylori ba ta ƙonewa. Tana da tata garkuwar, wasu sinadarai masu suna katales da sufa'oksaid dismutes, da take warware makaman da aka harbo mata. Har ma tana fitar da wani furotin da aikinsa shi ne ƙara tunzura fararen ƙwayoyin jini. Ga kuma amoniyar nan: idan ta gamu da asid ɗin haifokiloros sai su haifi monokiloramin, wanda ke ratsa fatar ƙwayoyin tumbi cikin sauƙi ya yi ɓarna daga ciki. Kibiyar da aka harba wa baƙo, mai gida take samu, kuma haka abin zai yi ta tafiya shekara ashirin, talatin, arba'in.

Ana iya auna wannan ɓarna. Kitsen da ke fatar ƙwayoyin jiki idan ya yi tsatsa yakan bar wani saura da ake kira MDA, ƙwayoyin gado kuwa idan suka taɓu sukan bar 8-OHdG. Ana samun su da yawa a bangon tumbin masu ɗauke da ƙwayar, bitamin C na ruwan tumbinsu kuma ya yi ƙasa, kuma lamarin kan gyaru bayan an kawar da ita. Waɗannan gwaje-gwajen bincike ne, ba a buƙatar su wajen yi wa mutum magani, kada wani ya kashe kuɗinsa a kansu. Amfaninsu shi ne sun nuna mana hanyar da kumburi ke bi ya zama wani abu dabam. Wani masanin cututtuka mai suna Pelayo Correa ya jera matakan: kumburi mai daɗewa, sai bangon tumbi ya sirance, sai ƙwayoyinsa su rikiɗe su yi kama da na hanji, sai su fara fita daga tsari, daga nan sai sankara. Shi ya sa a 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara. Kada hankali ya tashi fiye da kima: kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na masu ita ne ke samun gyambo, sankara kuwa kashi 1 zuwa 3. Nau'in ƙwayar da ke ɗauke da wani furotin mai suna CagA ya fi zafi, shan taba da yawan gishiri kuma suna ƙara wa wutar mai.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne zafin ciki ba ma'auni ba ne. Omefrazol yana rage asid, zafi ya tafi, amma ƙwayar na nan, fararen ƙwayoyin jini na nan, tsatsar na ci gaba.

Saboda haka a yi gwaji, kuma a yi shi daidai. Gwajin numfashi da gwajin bayan gida su ne ke nuna ƙwayar tana nan da ranta. Na jini yana nuna an taɓa haɗuwa da ita ne kawai, kuma yakan ci gaba da cewa akwai ko bayan an warke, don haka ba a tabbatar da warkewa da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa gwaji ana cikin shan magani. Dole a dakatar da omefrazol da danginsa mako 2, a kuma tabbata an yi mako 4 ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko maganin ciki mai suna bismut ba. In ba haka ba ƙwayar takan ragu ta laɓe, sakamako ya ce babu, alhali akwai.

Magani kuwa haɗi ne, na kwana 14, kuma likita ne zai zaɓa. Tsohon haɗin guda uku ne: mai rage asid, da amoksisilin giram 1, da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana. Ƙwayar ta koyi jure wa kilaritiromaisin a wurare da yawa, har ƙa'idar ta zama kada a yi amfani da wannan haɗi inda juriyar ta haura kashi 15 cikin ɗari, ko ga wanda ya taɓa shan dangin maganin, irin su azitiromaisin. Madadinsa shi ne haɗi huɗu: mai rage asid sau biyu, bismut sau huɗu, tetirasaikilin miligiram 500 sau huɗu, metironidazol miligiram 500 sau uku ko huɗu. Ƙwayoyin maganin suna da yawa, a nan ne mutane ke karaya.

Mai rage asid a sha shi minti 30 kafin abinci, kuma kada a raina shi. Idan asid ya ragu ƙwayar kan fara hayayyafa, kuma lokacin da take hayayyafa ne amoksisilin ke iya kama ta. Asid mai ƙarfi yana kuma lalata kilaritiromaisin. Bismut na mai da harshe da bayan gida baƙi, wannan ba jini ba ne. Metironidazol na barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kuma ba ya haɗuwa da giya. Tetirasaikilin ba na mai juna biyu ba ne ko ƙananan yara, ba a kuma haɗa shi da madara ko maganin ƙarin jini, domin suna ɗaure shi a hanji. Wanda ya tsaya a kwana na biyar don ya ji sauƙi, raunanan ya kashe ya bar masu taurin kai, zagaye na biyu zai fi wuya.

Tun da ana maganar tsatsa, wasu za su ce ai sai a sha bitamin C da E. Ganye da 'ya'yan itatuwa suna da amfani ga tumbi, babu musu. Amma ba sa kashe ƙwayar, kuma binciken da aka yi na ƙara bitamin a kan magani bai tsaya a magana ɗaya ba. Yayyafa ruwa ne alhali ana ci gaba da iza itace.

Wani abin da ya kamata a sani tun farko: ga wanda ba shi da gyambo, kawar da ƙwayar ba lallai ya ɗauke zafin ba. Cikin mutum goma sha wani abu da aka yi wa magani, ɗaya ne ke rabuwa da alamun saboda maganin. Duk da haka ina ganin ya cancanci a yi, domin ribar tana wajen hana gyambo da sankara nan gaba. In zafi ya ci gaba, a duba magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak da asfirin, su ma suna cin bangon tumbi.

Akwai waɗanda ba gwajin numfashi ya kamata su fara da shi ba, leƙen ciki da na'ura suke buƙata ba tare da jinkiri ba: mai rama babu dalili, mai aman jini ko amai ba ƙaƙƙautawa, mai baƙin bayan gida kamar kwalta alhali bai sha bismut ko maganin ƙarin jini ba, mai wahalar haɗiya, mai ƙarancin jini, da wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta.

Sauran kuwa, bayan kammala kwana 14 sai a ƙirga mako 4, biyun ƙarshe babu omefrazol, a koma gwajin numfashi ko na bayan gida. In ƙwayar na nan, ba a maimaita haɗin da ya gaza, canza shi ake yi.