Rangwamen riyal 20 da ya ci min 27

Ƙarshen Sha'aban da ya wuce saƙo ya shigo wayata daga wani babban kanti da ke kusa da mu a nan Jidda: kubon, wato rangwame, na riyal 20 ga duk wanda ya yi sayayyar 200. Ni ko dama cefanen azumi ne a gabana, sai na ja Ummi muka tafi bayan isha'i.

Da muka iso wurin biya, kayan da na rubuto a takarda suka tsaya a 172. Na bar yarinyar ta riƙe mana layi, na koma ciki ina raba ido kamar wadda ta yar da kuɗi. Na dawo da Vimto kwalba biyu, da soson wanke-wanke, da wani cuku da ni kaina ban taɓa ɗanɗana ba. Lissafi ya tashi 219, aka cire 20, na biya 199 ina ta washe baki. A mota Ummi ta ƙura wa rasit ido ta ce, "Umma, da ba 172 za mu biya ba?" Na ce ta rufe min baki. Cukun nan har bayan sallah yana firij yana harara ta.

Da na ba ƙanin maigidana labari, dariya ya yi har da riƙe ciki, don ya taɓa aikin jera kaya a irin waɗannan kantuna. Ya ce, "Anti, ai 200 ɗin nan ba da ka suka sa ta ba. Sun san inda sayayyarku ta saba tsayawa, sai su ɗora kaɗan a kai." Shi ya buɗe min ido kan takardar tallan rangwame da Larabawa ke kira urud, wadda ake fitarwa duk mako. Buhun shinkafa ko kazar da aka buga da jan rubutu a shafin farko, ribar da ke cikinsu ba ta taka kara ta karya ba, wani lokacin ma babu. Tsaba ce aka watsa. Kina shiga, madara da burodi suna can ƙuryar kanti, sai kin ratsa alewa da turare da tukwane kafin ki kai. Kayan da aka jibge a bakin layi kuwa, sau da yawa kamfanin da ya yi su biya yake a ajiye masa nan, mai araha kuma sai kin sunkuya ƙasa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, babban kanti kan karɓi kaya bashi, ya sayar mana hannu da hannu, sai bayan makonni ya biya mai kaya. Mai baƙalar unguwarmu, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, ina zai samu wannan gata?

Wasu sunayen ma da muke ɗauka kishiyoyi ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kantunan Danube da BinDawood gida guda suke. Panda, ita ma babban kanti, ta kamfanin Savola ce, mai hedkwata a nan Jidda, kuma shi ke yin man Afia da sukarin Al Osra.

Ban daina amfani da kubon ba fa. Tun da harajin VAT ya tashi daga kashi 5, yadda aka fara shi a 2018, zuwa kashi 15 a Yulin 2020, na sayi ɗan littafi ina rubuta farashin abubuwan da ba ma rabuwa da su. Da shi nake gane ragin gaske da na baka. In an rage shinkafa, mai, garin wanki ko kunzugun yara, nakan kwasa da yawa tunda ba sa lalacewa. In na ga "sayi ɗaya a ba ka ɗaya" a kan yogot, ranar ƙarewar wa'adi nake fara dubawa. Farashin da ya ƙare da halala 95 (halala 100 ne riyal ɗaya) kuma riyal cikakke nake lissafa shi, ba ni da lokacin wasa. Wanda kuma ya ga an yi masa coge a farashi, Ma'aikatar Kasuwanci na da lamba 1900 ta kai ƙara.

Lambar waya da suke tambaya a wurin biya don tara maki, na bayar, kuma na san abin da na sayar. Watan da na yaye Abba daga madarar gwangwani, saƙon rangwamenta ya yi ta bi na kamar mai bi na bashi.

Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa dai har yau wurin wata Hajiya 'yar Katsina nake saye, a lungun bayanmu. Jiya na karɓi kuka ta riyal 10, ta ƙulle leda, sai ta kwance ta ƙara cokali biyu. Ta ce, "Ga gyara, ki gaida maigidan."