Zanen hula da kwamfuta a ajin ƙaramar sakandare

A jadawalin ƙaramar sakandare, darasin zane-zane yana gabas, na kwamfuta yana yamma. Haka manhajar karatu ta hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantun Najeriya, ta raba su: zane da waƙa da wasan kwaikwayo an dunƙule su a darasi ɗaya na al'adu da ƙirƙira, kwamfuta kuma aka ware ta daban. Kowa da malaminsa, kowa da mintinsa 40. Ni zane nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a cikin birnin Kano, kuma na san matsayin darasina a wurin iyaye. Yarinya ta faɗi lissafi, uba zai tako har ofishin firinsifal. Ta faɗi zane, ko tambaya ba a yi.

Malamin kwamfuta shi ma da tasa damuwar. Ya gaji da koyar da na'ura da alli, yara suna zana hotonta a littafi suna haddace sunayen sassanta. Shi ya sa muka haɗa wasu darussanmu na 'yan aji biyu, kuma babban abin da na tsinta a ciki shi ne kada a fara da na'urar. Ita ce ta ƙarshe.

Da hula muke farawa. Yawancin 'yan ajin sun tashi sun ga ana ɗinkin hula a tsakar gida, sun san mai zane ne ke fara fitar da fasalin a kan ƙyalle kafin mata su bi shi da allura da zare. Sai mu sa kowane rukuni ya zo da hula ɗaya, su juya ta a hankali su gano ɗan yankin da ake ta maimaitawa har ya zagaye kai. Wannan yankin za su kwafe a takarda mai gida-gida. Daga nan sai su rubuta umarni da baki, yadda wadda ba ta taɓa ganin hular ba za ta iya zana shi: tafi gida huɗu, juya dama, tafi gida biyu. Wata daga wani rukunin ta ɗauki alli ta bi umarnin a simintin aji, ba ƙari ba ragi. A nan ake shan dariya, domin abin da ke fitowa a ƙasa sau da yawa ko kama da hula bai yi ba, kuma mai allin ta rantse abin da aka rubuta ta bi.

Sai an wuce wannan muke shiga ɗakin kwamfuta. Scratch muke amfani da ita, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara. Kyauta ce, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ba a rubuta dogon umarni a cikinta, ana jawo guntayen umarni ne a jona su. Murabba'i: tafi, juya digiri 90, maimaita sau 4. Mai gefe shida, juyi 60 sau 6. Tauraro mai tsini takwas kuwa murabba'i biyu ne, an karkata ɗaya da digiri 45. Duk abin yana komawa kan cewa cikakken zagaye digiri 360 ne.

Akwai wata yarinya da ke zama a bayan aji, wadda malamin lissafi ya daɗe da sallama ta. Amma ranar biki ita ke riƙe wa yayarta kayan lalle, kuma hannunta ya faɗa. Fure mai ganye takwas ta so ta yi, ta sa juyi 50. Ganye na ƙarshe ya zo ya hau kan na farko.

"Malama, bakinsa ya ƙi haɗuwa."

Na ce, "In a hannun amarya ne hakan ta faru, ya kike yi?"

"Sai in ɗan matse na ƙarshen, ba mai ganewa."

"To, matse wannan mu gani."

Ta gwada 40, giɓi ya fito. Ta yi shiru tana kallon allon, can ta jawo biro ta raba 360 gida takwas a bayan littafinta. Da ta sa 45 furen ya rufe tsaf. Ba wanda ya ce mata ta yi rabawa. Hannu yana da sassauci, yana rufe kuskure tun kafin ido ya gani. Kwamfuta ba ta da wannan kara, abin da aka faɗa mata shi take yi, don haka dole yarinya ta fito da abin da hannunta ya sani ta mai da shi lamba. A ganina amfanin na'urar ke nan a darasin zane, ba wai tana ƙara kyau ba.

Kyau kam, sau da yawa na hannu ya fi. Dagin Arewa ya nuna mana haka. Sirrinsa shi ne zaren ya hau nan ya nutse can, alƙalamin Scratch kuwa bisa kawai yake bi, sai an ɗaga shi an bar ɗan giɓi a duk inda ake so layi ya bi ta ƙasa. Kaɗan ne suka iya, kuma abin da suka fitar ya bushe, bai kai wanda suka yi da fensir armashi ba. Ban ɓoye musu ba.

Wani uba ya taɓa zuwa da ya ji 'yarsa na zane a kwamfuta. Ya ce, "Malama, ni dai ban yarda a sa ta zana mai rai ba." Na ce, "Alhaji, bismillah ka duba," na buɗe masa aikinta. Ya ga irin adon da ake yi wa allon sauka ne da na bangon tsofaffin gidajen birni, ya yi addu'a ya tafi. Ita Scratch da ɗan hoton kyanwa take buɗewa, mu kan ɓoye shi tun farko. Zayyanar da muka gada ta ishe mu aikin shekara uku ba mu taɓa abin da zai jawo magana ba.

Wayar hannu ma ta yi mana rana, a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Yara sun ɗauki bidiyon marini yana tsamo ƙyalle daga rijiyar baba. Da fitowarsa kore-kore yake, sai ya riƙa rikiɗa a idonka har ya zama shuɗi. Dalili shi ne shunin baba ba ya narkewa a ruwa sai an tsima shi da toka kwana da kwanaki, in kuma iska ta buge shi sai ya koma yadda yake, ya kama zaren. A aji muka riƙa tsai da bidiyon, kowane rukuni ya haɗa fenti ya fitar da launin da ke gabansa. Malamar kimiyya ta ari bidiyon daga baya.

Matsalar wuta ba sai na faɗa ba, kowa a Kano ya san ta. Shi ya sa ma aikin takarda da alli ke da daraja: in aka ɗauke wuta darasi bai mutu ba. Wadda ta fi damuna ita ce ta rabon na'ura. Yara da yawa a kan kwamfuta ɗaya, in aka zuba ido wadda ke da waya a gida ce za ta kankane komai, sauran su zama 'yan kallo. Dokar da muka kafa ita ce mai zanen ke ba da umarni, wadda ke zaune gaban na'ura ba ta taɓa komai sai abin da aka ce mata, sannan a yi musanya.

Wurin ba da maki ne har yau ba mu daidaita da malamin kwamfuta ba. Shi gajeren umarni yake so, wanda aka yi amfani da maimaitawa maimakon jera abu ɗaya sau ashirin. Ni kuwa ina duba ko yarinya ta ƙara wani abu nata a kan fasalin da ta kwafo daga hula. Jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku darasi-darasi take zuwa, ba ta san mun haɗa komai ba. Don haka kowa ke shigar da makinsa a rajistarsa, aiki ɗaya maki biyu, kuma yaran sun riga sun gane wa za su kai wa wane ƙorafi.