Bazarar da na yi tare da sufaye

Na yi bazara guda a wani gidan sufaye Kiristoci mabiya ƙa'idar Waliyyi Benedik, ina baƙo mai taya su aiki. A Italiya Benedik ya rayu, shi ya kafa gidan Monte Kasino wajen shekara ta 529, kuma ƙa'idar da ya bari mai babi 73 ita ce har yau take yanka musu yini. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda ta san da zafi, ta san da gajiyar ɗan Adam.

Tun duhu bai washe ba ƙararrawa take tashe mu. Da yake daren bazara gajere ne, Benedik ya rage karatun addu'ar dare daga Ista har zuwa farkon Nuwamba, amma bai taɓa Zabura ba. Duka waƙoƙinta 150 ya ce a kammala su kowane mako. Sai aiki da sanyin safiya: cire ciyawa a lambu, ban ruwa, tsinkar abin da ya nuna. In rana ta fara dagawa a koma karatu. Abincin rana ana cinsa shiru, ɗan'uwa ɗaya yana karanta wa kowa littafi da ƙarfi. Bayan nan akwai kishingiɗa, kuma ba sata ake yi ba, babi na 48 ne ya ba da ita, da sharaɗin wanda ya fi son karatu ya yi shi ba tare da ya dami mai barci ba.

Inda na sha wuya shi ne ƙararrawar tsakiyar aiki. Yinin bazara dogo ne, hannu ya riga ya yi zafi, kunya ɗaya ta rage a gama, sai ka ji ta buga. Babi na 43 bai bar ƙofa ba: a ajiye duk abin da ke hannu a tafi. Na ga tsohon ɗan'uwa ya jingine fartanya a tsakiyar layi, ya wanke hannu, ya nufi majami'a ba ko waiwaye. A farkon zuwana jikina ne kawai yake shiga, zuciyata tana can lambu tana lissafin abin da ya saura. Sannu a hankali na gane aikin yana nan yana jirana, ba ya guduwa, kuma ina dawo masa da hannu mafi natsuwa. A ganina nan ne asirin gidan yake. Mutanen nan suna aiki tuƙuru, amma aikin bai mallake su ba.

Wannan tsanani kuwa tafe yake da sassauci. Bayan Fentikos, idin da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, ƙa'idar ta sa a jinkirta cin abinci ranar Laraba da Juma'a, amma ta ce in akwai aikin gona ko zafi ya tsananta, Uban gidan ya ɗage. A makon da muka kwashe busasshiyar ciyawa kafin hadari ya sauko, hakan ya yi, ba wanda ya ga kamar an karya doka.

Bazara kuma lokacin baƙi ce, masu neman hutun rai da masu wucewa kawai. Babi na 53 ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya iso, kuma nauyin yakan faɗo kan ɗan'uwa guda mai kula da masauki, wanda na fi tausaya wa a duk gidan. Mai niyyar zuwa ya rubuta masa tun da wuri, don ɗakuna suna cika. Ya kuma sa a ransa cewa bayan addu'ar ƙarshe ba a sake magana sai da safe, ko da gari bai gama duhu ba.