Yawon ciki a Sabon Gari

Jiya da yamma ni da mutumina muka hau adaidaita daga Fagge muka sauka France Road, wai sai ya koya min cin abincin Yarbawa. Wata mama ta zubo min amala baƙa mai laushi, ta kwarara ewedu da miyar wake a kai, ga ganda ga manja yana ta ƙyalli, wallahi loma biyu na yi hanci ya fara yoyo saboda yaji, ita ko sai dariya take wai "Aboki sha ruwa." Gaba kaɗan shagon 'yan Ibo ne, akpu da agushi, ni dai warin akpun nan ya fi ƙarfina gaskiya. Da muka biyo ta Yankura sai da na tsaya wajen mai gurasa.