Kulle saitunan Chrome a kwamfutocin gidan intanet

A gidajen intanet na Garwa da Marwa, kwamfuta ɗaya takan wuce ta hannun mutane da yawa a wuni. Wannan ya bar Facebook ɗinsa a buɗe, wancan ya girka abin da ke cika allo da talla. Maganin yana farawa ne daga Windows: a ba kwastoma asusu na talakawa, wanda ba shi da ikon canza saitunan kwamfutar, a ɓoye na mai gida (administrator). In ba a yi haka ba, duk kullen da aka yi yaro ma zai kwance shi.

Sai a buɗe regedit, manhajar gyara rajistar saitunan Windows, a ƙirƙiri maɓalli, wato babban fayil, HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome. A ciki a sa PasswordManagerEnabled, nau'in DWORD (wato lamba), ƙimarsa 0, don kada Chrome ya riƙe kalmar sirri. BrowserSignin shi ma 0, don hana shiga Chrome da asusun Google. IncognitoModeAvailability a ba shi 2, wato Chrome ya buɗe kullum a yanayin sirri (Incognito), ta yadda da an rufe taga tarihin bincike ya tafi. Ni wannan na fi ɗauka da muhimmanci. Don hana girka ƙarin manhajoji (extensions) a Chrome kuwa, a buɗe ƙaramin maɓalli ExtensionInstallBlocklist, a sa rubutu mai suna 1, ƙimarsa *.

A rufe Chrome, a sake buɗewa, a rubuta chrome://policy a wurin adireshi, a duba. Abin da bai fito a nan ba, ko ya fito da alamar kuskure, bai kama ba, galibi harafi ɗaya ne aka kuskure.

Wani tarko: kulle shafin farko da HomepageLocation ba ya aiki a kwamfutar da ba ta cikin Active Directory (tsarin Microsoft na kula da kwamfutocin ma'aikata) ko tsarin kulawa na Google. Kuma fayilolin da kwastoma ya sauke suna nan daram, sai an share su da hannu.