Wasiƙa daga Birmingham: Shirin kai iyali Landan a bas

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya damina, ya ibada? Allah Ya sa a girbe lafiya.

Nan Ingila yara sun samu dogon hutu tun ƙarshen Yuli, sai farkon Satumba za su koma. Mako shida yaro yana zaune a ɗan gidan da ba tsakar gida, ba dandali, ai sai ya hau kanka. Shi ya sa ni da maƙwabcina, wani Bakatsine, muka yanke shawarar haɗa iyalanmu mu kai su Landan ranar Asabar, a je a dawo a yini. Da yawanku kun ɗauka duk wanda yake Ingila kullum yana Landan. Ina! Tsakaninmu da ita kusan kilomita 190 ne ta babbar hanyar M40, awa biyu da rabi idan hanya ta yi kyau, kuma akwai yaran da aka haifa a nan da ba su taɓa taka ta ba.

Rigimar farko ta mota ce. Lasisin tuƙi na gama-gari a ƙasar nan iyakarsa mota mai kujera tara har da ta direba. Da zarar ta wuce haka sai mai lasisi na daban. Wanda ya zo da lasisin Najeriya kuwa, wata 12 kawai aka yarje masa ya yi tuƙi da shi, daga nan sai ya ci jarrabawar nan. Muka ƙirga: manya huɗu, yara biyar, cif. Muka kama hayar bas mai kujera tara, muna murna lissafi ya fita. Kwatsam sai Hajiya, surukar maƙwabcin nawa da ta zo ganin jika, ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu. Da aka ce mata kujera ta ƙare, ta dube mu da mamaki ta ce, "To ba sai a ɗora autar a cinya ba? Mu nawa muke shiga hayis daga Funtuwa zuwa Katsina?" Na ce, "Hajiya, a nan ko jariri da kujerarsa." Doka ce: yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma tsawonsa bai kai santimita 135 ba, dole a ɗaura masa tasa kujerar, kowa kuma ya sa bel. Ba wanda ya isa ya ce wa Hajiya ta zauna, don haka surukin nata ne zai bar mata kujerarsa. Zai shiga jirgin ƙasa daga tashar Moor Street ya sauka a Marylebone, mu haɗu a can.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne kada bas ɗin ta shiga tsakiyar gari. Tun 2003 Landan take karɓar kuɗin cunkoso daga motar da ta shiga ƙwaryar birni, kuma bai gaza fam 15 a rana ba. Ranar Asabar ma ana karɓa, daga sha biyun rana zuwa shida na yamma. Ga kuma kuɗin hayaƙi da suke kira ULEZ, wanda aka fara a 2019, aka faɗaɗa shi ya game dukkan unguwannin Landan a Agustan 2023: tsohuwar mota mai yawan hayaƙi fam 12.50 a rana. Ba ɗan sanda a hanya, ba shinge, ba wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe, a yi haƙuri". Kamara ce take ɗaukar lambar mota. In ba ka biya ba, takardar tara ta fam 180 za ta iske kamfanin haya, su cire a katinka, su ɗora nasu ladan wahala a kai. Saboda haka kafin in sa hannu sai da na shigar da lambar motar a shafin hukumar sufurin Landan na tabbatar ba ta cikin masu biyan na hayaƙi. Wajen fakin ma wani aiki ne, don yawancin gidajen ajiye mota masu hawa-hawa suna da ƙarfe a ƙofa, doguwar mota ba ta wucewa.

Za mu ajiye ta a filin tashar Hillingdon, daidai inda hanyarmu ta shigo gefen gari, mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga idan yana tare da babba. Manya kuma katin banki kawai ake dangwalawa a ƙofa, amma kowa da nasa, kati ɗaya ba ya wuce da mutum biyu.

Sai maganar inda za a je, nan ne aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Matan suna son kantunan Oxford Street. Yara suna son gidan namun daji. Hajiya tana son ganin "gidan Sarauniya", ko da yake tun 2022 ɗanta Charles ne a kan karaga. Ni kuwa raina yana babban gidan tarihi na British Museum, inda aka jera tagullan da sojojin Ingila suka kwaso daga fadar Benin a 1897, don ina son 'ya'yana su gan su da idonsu, su tambaye ni yadda aka yi suka zo nan. Amma wannan ziyara ce mai son natsuwa, ba ta yi da yaro ɗan shekara huɗu yana jan rigarka. Landan ba a cinye ta a yini. Wanda ya jera wurare bakwai, a cikin rami zai ƙare ranarsa yana sauya jirgi, yara na kuka, tsohuwa na neman inda za ta zauna.

Muka tsaya a kan biyu, masallaci a tsakiya. Da safe gidan tarihin halittu na South Kensington, wanda ake buɗewa ƙarfe goma. Shiga kyauta ne, sai dai a lokacin hutu gara a yanki tikitin kyautar ta intanet, in ba haka ba layi ya cinye safiyar. Ana shiga za a tarar da ƙashin wata dabbar teku mai tsawon mita 25 rataye a sama, ga kuma ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam. Daga nan sai Babban Masallacin Landan da ke bakin Regent's Park, mai kubba ruwan zinariya, mu yi azahar, mata su samu wajen alwala a tsanake. A ciyawar lambun za mu baje abinci. Uwargida ta riga ta ce dambun shinkafa da soyayyar kaza za ta yi, da zoɓo a gora, don ciyar da mutum goma a gidan abincin Landan ya kusa kuɗin hayar motar. Sharaɗina ɗaya: ba babbar kula, kowa ya goya nasa a jakar baya, saboda matakalar jirgin ƙasa ba ta san girma ba. Da yamma sai Westminster, a ga hasumiyar agogon Big Ben da kogin Thames, a yi hotunan da za ku gani. Idan ƙafar Hajiya ta yarda, fadar Buckingham ba nisa ta cikin lambun St James's.

Kowane yaro za mu sa masa takarda a aljihu mai lambar wayar ubansa, kuma an raba su tun daga gida, kowane babba ya san wanda yake riƙe da hannunsa.

Rana ba ta faɗuwa yanzu sai bayan takwas, don haka idan mun bar Hillingdon da bakwai, za mu yi magariba a wajen hutawar matafiya na kusa da Oxford, mu sha mai a can, tunda kamfanin yana son motarsa da tanki cike kafin tara na safiyar Lahadi. Ku sa mu a addu'a, ku gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan uwanku a Birmingham